Suna Linzami: Darasi Daga Keltawa Kan Zaɓen Sunan Yaro Da Rubuta Shi

A wannan fitowa filin namu zai leƙa yammacin Turai ne, wurin wata al'umma da ake kira Keltawa, domin mu ga irin wahalar da uba da uwa ke sha a can in Allah ya ba su ɗa namiji, suka kuma yi niyyar sa masa sunan kakanninsu wanda ba kowa ya san shi ba. Kada mai karatu ya ce ina ruwan biri da gada. In aka yi haƙuri aka bi ni zuwa ƙarshe za a ga cewa maganar ta shafe mu.

Da farko dai sunayen Keltawa ba baƙi ba ne a nan Kamaru. Duk malamin da ke kiran sunayen yara da safe a Yawunde ko Duwala ya saba da su Kevin da Dylan da Bryan da Yannick, ko da bai san inda suka fito ba. Yannick Noah, wanda ya ci gasar tanis ta Roland Garros a 1983, mahaifinsa ɗan ƙasar nan ne, sunan nasa kuwa na Keltawan Faransa ne. Asalinsa Yann, wato Yahaya ko Yohanna, aka ƙara masa ɗafin ƙanƙantawa, kamar a ce ƙaramin Yahaya. Masu harshen suna rubuta shi Yannig, Faransawa suka mai da shi Yannick. Haka kuma Kylian Mbappé, wanda shi ma mahaifinsa daga nan ya fito. Sunansa rubutun Faransawa ne na Cillian, tsohon sunan mutanen Ayalan, wanda wani mai wa'azin Kirista ya kai shi ƙasar Jamus, inda aka kashe shi a garin Würzburg wajen shekara ta 689.

To, su wane ne Keltawa? Al'umma ce da harsunanta suka taɓa mamaye babban yanki na Turai kafin Rumawa su yi ƙarfi. Yau harsuna 6 kaɗai suka rage, duk a bakin teku ta yamma: na Ayalan, na tsaunukan Sikotilan, na tsibirin Man, na Wels, na Konwal da ke kudu maso yammacin Ingila, da na Biretanye da ke arewa maso yammacin Faransa. A lura, Biretanye jiha ce ta Faransa, daban take da Birtaniya ƙasar Turawan Ingila. Dukkan harsunan nan Ingilishi ko Faransanci ya danne su. A ƙidayar 2021 mutum 538,300 ne suka ce suna jin harshen Wels, wato ƙasa da kashi 1 cikin 5 na mutanen ƙasar. A Ayalan, ƙidayar 2022 ta nuna mutum wajen miliyan 1.9 sun ce sun iya harshensu, amma waɗanda ke magana da shi kullum a wajen makaranta ba su wuce 72,000 ba. A tsibirin Man kuwa, tsoho na ƙarshe da ya tashi da harshen tun daga nonon uwa, Ned Maddrell, ya rasu a 1974, sai daga baya aka shiga farfaɗo da shi ta hanyar makaranta.

Wannan dannewa ba haka kawai ta faru ba. A wasu makarantun Wels na ƙarni na 19, yaron da aka kama yana magana da harshen gidansu sai a rataya masa guntun katako a wuya, wanda katakon ya kwana a wuyansa a ƙarshen yini shi ke shan bulala. A Biretanye ma an yi irin wannan, can sau da yawa takalmin katako ake rataya wa yaro. Dattawanmu da suka yi makarantar Faransawa a nahiyar nan ba sai an yi musu dogon bayani ba, domin sun san abin da ake kira sambol. Saboda haka in ka ga Bakelte yau ya nace sai ya sa wa ɗansa sunan da ke karya harshen baƙo, ka sani yana neman mai da abin da aka ƙwace wa kakanninsa ne. Harshen da ya fita daga kasuwa da kotu, sau da yawa suna ne mafakarsa ta ƙarshe.

Amma niyya mai kyau ba ta hana wahala. Mu fara da Ayalan. Baƙaƙen rubutunsu na gargajiya 18 ne kacal. Babu j, k, q, v, w, x, y da z. Shi ya sa Cillian da c ake rubuta shi, amma da k ake faɗinsa, Kiliyan. Sautin da ba su da baƙinsa sai su haɗa baƙaƙe biyu su fitar da shi, misali mh da bh suna ba da sautin v ko w. Ta haka ne Caoimhín ya zama Kevin a bakin Turawan Ingila. Ga sunan Tadhg, mai ma'anar mawaƙi, wanda ake faɗi Taig. Ga Oisín, wato ɗan barewa, ana faɗinsa Ushin ko Oshin, kuma sunan wani jarumi ne mawaƙi a tatsuniyoyinsu. Ga Eoghan, wanda duk tsawonsa Owen ake cewa. A gida waɗannan sunaye ba sa ba kowa mamaki, wasunsu ma suna cikin waɗanda aka fi sa wa yara a 'yan shekarun nan. Amma da zarar iyali sun yi ƙaura zuwa Landan ko Amurka, yaro ya shiga aikin gyara wa mutane sunansa ke nan, daga ajin farko har ranar da zai karɓi fansho.

Ko a cikin ƙasar ma ba a rasa gardama. A 1958 gwamnatin Ayalan ta fitar da daidaitacciyar ƙa'idar harshen, wadda ta tabbatar da zubar da baƙaƙe da yawa da ba a furta su. Sai suna ɗaya ya samu rubutu biyu ko uku. Ruaidhrí, mai ma'anar jan sarki, sunan babban sarkin Ayalan na ƙarshe wanda ya rasu a 1198, ya taƙaita ya zama Ruairí, a Ingilishi kuma Rory. Uba yana son tsohon rubutu don ya fi kwarjini, uwa tana son sabo don ya fi sauƙi, kaka kuma tana cewa a rubuta na Ingilishi yaro ya huta. Duk su ukun suna da hujja.

Akwai kuma wata 'yar alama da suke ɗora wa wasali don nuna an ja shi, suna kiranta fada, wato dogo. Ƙarama ce kamar ƙwayar gero, amma tana juya ma'ana. Seán da alama a kan a shi ne Yahaya, ana faɗinsa Shon. In aka cire alamar ya koma sean, ma'anarsa tsoho. Shekara da shekaru bankuna da asibitoci da sauran ofisoshi suna zubar da wannan alama, suna cewa na'urarsu ba ta san ta ba, mutane suna ta ƙorafi. A 2021 majalisar ƙasar ta yi wa dokar harsunan hukuma gyara, aka sa a ciki cewa ma'aikatun gwamnati su shirya na'urorinsu yadda za su iya rubuta sunan mutum da alamarsa.

In muka tsallaka teku zuwa Wels, nan kuma wata sabuwa. Baƙaƙensu 29 ne, 8 daga ciki tagwaye ne da ake lissafa kowanne a matsayin baƙi guda, kamar yadda muke yi da sh da ts. Dafydd shi ne Dauda, amma f ɗinsu v ce, dd kuwa sai an sa harshe tsakanin haƙora, kamar zal ta Larabci. Mafi wuya ita ce ll: a ajiye harshe kamar za a ce l, sannan a hura iska ta gefensa. Turawan Ingila sun kasa, shi ya sa Llwyd, mai ma'anar ruwan toka, ya zama Lloyd da Floyd, Llywelyn kuma, sunan yarimansu da aka kashe a 1282, Shakespeare ya rubuta shi Fluellen. Da can mutumin Wels sunan ubansa yake jingina da kalmar ap ko ab, daidai da ɗan a wurinmu. Da magatakardan Ingila suka zo da rajistarsu, ap Rhys ya dunƙule ya zama Price, ab Owain ya zama Bowen, ap Hywel ya zama Powell. Dubi yadda alƙalamin baƙo ke haifar da sabon suna wanda ba uba ba uwa. A Sikotilan ma haka ta faru da Seumas, wato Yakubu. In za a kira mai sunan, nahawunsu yakan sauya shi ya zama a Sheumais, sai Turawan Ingila suka ji wannan kira suka rubuta Hamish, ya zauna a matsayin suna mai zaman kansa.

Wani abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne mutanen Wels suna da sunan Idris, har akwai wani dutse a ƙasarsu mai suna Cadair Idris, wato kujerar Idris. Ba shi da dangantaka da Idris namu da ya zo ta Larabci, kama ce kawai ta zo ɗaya. Wannan ya nuna mana cewa kamar rubutu ba ta isa a ce an san asalin suna ba. Haka Juan na tsibirin Man, wanda ake faɗi Juwan, in Basifaniye ya gan shi a takarda zai ce nasu ne ya karanta shi Huwan.

Yanzu mu zo ga shari'ar da ta fi kowacce yin suna, wadda ta faru a Biretanye. Tun daga 1803 dokar Faransa ta taƙaita sunayen da za a sa wa yara ga waɗanda ke cikin kalanda da na mashahuran mutanen tarihi. Saboda wannan doka akwai wani gida a Biretanye da hukuma ta ƙi yi wa wasu 'ya'yansa rajista tun daga shekarun 1950, don an sa musu sunayen gargajiya, yaran suka yi shekaru ba su da takardu. Sai a watan Janairu na 1993 aka sakar wa iyaye mara su zaɓi sunan da suke so. Amma an bar baya da ƙura, domin a 2014 ma'aikatar shari'a ta fitar da jerin alamomin da aka yarda a ɗora wa baƙaƙe a takardun haihuwa, kuma babu 'yar lanƙwasar nan da ake sa wa n, wato ñ.

A 2017 aka haifi wani yaro a garin Quimper, wanda masu garin ke rubutawa Kemper. Iyayensa suka sa masa suna Fañch, wanda shi ne François a harshensu. Aikin alamar shi ne ta nuna cewa wasalin da ke gabanta ta hanci ake fitar da shi. Magana ta kai kotu, a watan Satumba na 2017 kotun garin ta ce a cire alamar, tana kafa hujja da cewa harshen Jamhuriya Faransanci ne. Iyaye suka ɗaukaka ƙara, a watan Nuwamba na 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta Rennes ta ba su gaskiya, ta ce alamar ba baƙuwa ba ce a rubutun Faransanci. A daidai wannan lokaci kuwa akwai ƙaramin minista a ma'aikatar cikin gida mai suna Laurent Nuñez, ga alamar nan zaune daram a sunansa, abin da ya sa mutane da yawa suka yi ta dariyar hukuma. A watan Oktoba na 2019 kotun ƙoli ta yi watsi da ƙarar da masu gabatar da ƙara suka kai, yaro ya tsira da sunansa bayan fiye da shekara biyu. Duk da haka a 2021, da majalisa ta zartar da dokar kare harsunan jihohi ta sa izinin irin waɗannan alamomi a ciki, majalisar tsarin mulki ta soke wannan sashe a watan Mayu. Shekara biyu ana shari'a, alƙalai da lauyoyi da 'yan majalisa, duk a kan alamar da ba ta kai ƙafar kiyashi ba.

To, mene ne ra'ayin wannan fili? Iyayen da ke neman suna wanda ba kowa ke da shi ba sun kasu gida biyu. Akwai masu cewa a sauƙaƙa rubutu, a rubuta Shawn maimakon Seán, Reece maimakon Rhys, don kada yaro ya wahala. Akwai masu cewa a bar suna yadda masu shi suka rubuta. Ni ina tare da na biyun, da sharaɗi guda: uba ya san cewa kaya ne ya ɗora wa ɗansa, ya kuma tabbata kayan sun cancanci ɗauka. In sunan na harshen gidanku ne, kuna kiransa daidai, kuna iya gaya wa yaro ma'anarsa da wanda ya ci sunansa, to wahalar gyara wa malami da likita ba ta kai darajar abin da aka riƙe ba. Malami mai hankali sau ɗaya ake gaya masa. Amma wanda ya tsinci suna a fim ko a filin ƙwallo, bai san harshen ba, ya kuma ƙara masa y ko h don ya bambanta da na maƙwabci, wannan ya ɗora wa yaro wahala ba tare da gado ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Sannan sunan da ake ganin ba kowa ke da shi ba, ba lallai ya zauna haka ba. A farkon shekarun 1990 Kevin ya zama sunan da aka fi sa wa yara maza a Faransa, saboda finafinan Amurka na lokacin. Kowane uba yana tsammanin shi kaɗai ya gano shi, sai da yaran suka shiga makaranta aka ga aji ɗaya Kevin uku ko huɗu. Daga baya kuma sunan ya zama abin zolaya a Faransa da Jamus, masu shi suna kukan ana raina su tun kafin a gan su. Shi ma Tadhg yana da nasa tabon, domin a Ayalan ta Arewa an mai da lafazinsa kalmar zagi ga 'yan Katolika. Uban da bai yi tambaya ba ba zai san wannan ba, alhali matambayi ba ya ɓata.

Yanzu mu dawo gida. Mu ma 'yan tsiraru ne a ƙasar da ake rubuta takardun hukuma da Faransanci da Ingilishi, kuma mun san yadda alƙalamin magatakarda ke yi da sunayenmu. Usman ya zama Ousmanou ko Oumarou ya maye gurbin Umaru, Abubakar ya zama Aboubakar a wata takarda, Boubakari a wata. Shugaban ƙasa na farko ma, Ahmadu Ahijo, da rubutun Faransawa duniya ta san shi, Ahmadou Ahidjo. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su ne namu fada da namu ñ. Kowa ya san baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban. Amma Ɗanladi da Ɗanjuma da Maikuɗi, in sun shiga ofis sai su fito ba lanƙwasa. Ga kuma sunayenmu na gargajiya da ke ba da labarin haihuwar yaro suna ta ja da baya: Tanko wanda ya biyo mata, Gambo mai bin tagwaye, Nomau na lokacin noma, Shekarau wanda ya daɗe a ciki, Anaruwa wanda aka haifa ana ruwan sama, Cindo mai yatsa shida. Yaranmu da yawa a birane ba su san ma'anar ko ɗaya ba. In Bakelte zai yi shekara biyu a kotu don alama guda, mu ba mu da uzurin barin namu su ɓace don kunya ko kasala.

Saboda haka ga 'yar shawara ga duk wanda ke jiran haihuwa, ko sunan Keltawa ne ya burge shi ko na kakanninsa. Da fari, ya nemi ma'anar sunan da asalinsa wurin wanda ya san harshen, domin suna mai kyau haƙƙin ɗa ne a kan ubansa. Na biyu, ya faɗe shi da baki a gaban kakar yaron, in ta kasa furta shi to a san cewa wani suna za ta laƙa masa, kuma nata ne zai bi shi. Na uku, ya ji yadda sunan ke sauka a kunnen maƙwabta, Fulani ne ko Ewondo ko Duwala, kada ya zama abin dariya a harshensu. Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci, a tsai da rubutu guda tun kafin ranar suna, uba ya rubuta shi da hannunsa a takarda da manyan baƙaƙe ya kai ofishin rajista, ya kuma karanta abin da magatakarda ya rubuta kafin ya bar wurin. Wanda bai iya karatu ba ya tafi da wanda ya iya.

Dalilin wannan na huɗun, mu malamai muke ganinsa kowace shekara lokacin rajistar jarrabawa. Yaro ya yi shekara shida yana rubuta sunansa iri ɗaya, a ɗauko takardar haihuwa a ga baƙi ɗaya ya bambanta. Daga nan sai zirga-zirga da kashe kuɗi, wani lokaci sai an dangana da kotu, wani yaron ma har ya rasa jarrabawar shekarar. Gaba kuma ga katin shaida da fasfo da takardar gado suna jira, kowanne yana neman rubutu ya zo ɗaya. A sani kuma layukan da na'ura ke karantawa a ƙasan fasfo ba sa ɗaukar alama ko lanƙwasa, na Bakelte ne ko na Bahaushe. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne muddin sauran baƙaƙen sun daidaita. In ofis ya kasa rubuta ɗ, sai mu koya wa yaro a gida da makaranta cewa sunansa na gaskiya da lanƙwasa yake, ya riƙa sa ta duk inda alƙalami ke hannunsa. Tun ran gini tun ran zane.

Magabata sun ce suna linzami, wato inda aka ja shi nan mai shi ke bi. Uba na zaɓen suna cikin mako guda, ɗa kuwa zai amsa shi har iyakar rayuwarsa, jikoki ma su gāje shi a takardunsu. Ya kamata a ba wannan mako haƙƙinsa na tunani da tambaya. Masu karatu da ke da sunayen gargajiya irin na yankinsu, musamman waɗanda aka daina ji, muna roƙon su aiko mana da su tare da ma'anarsu ta ofishin wannan mujalla, domin mu tattara mu buga don amfanin yaranmu.

Allah ya raya mana zuriya, ya sa su amsa sunayensu cikin mutunci. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.